Ciwon Inna da bai fito a gwaji ba

Da ƙanena ya rasu a hatsarin babur a hanyar Zango, Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta ce wanda ya ba ta shi ne ya karɓi abinsa. Sai da aka watse, damina ta sauka, sannan jikinta ya fara. Yau kai, gobe gwiwa, jibi ta ce wani abu na yi mata yawo a baya kamar tururuwa. Ina aure a Daura, sai in hau motar haya in je ƙauye in kai ta ƙaramin asibitin garinmu.

Malamin asibitin mutumin kirki ne, amma shi kaɗai ne, ga layin mata da yara har waje. Ya ɗibi jini, ya auna ta, ya ce bai ga komai ba. Duk da haka ta sha maganin maleriya, ta sha na taifot, har ruwa aka ƙara mata. A gida aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, maƙwabta na cewa iska ce. Inna na ta ramewa. Ta daina ƙuli-ƙuli, sana'ar da ta rene mu da ita.

Wata rana muka tarar da baƙuwa a asibitin. Ta ce daga jami'a take, suna bincike a kan ciwon damuwa tsakanin masu zuwa ƙananan asibitoci, suna kuma koya wa ma'aikata yadda ake gane shi. Ta nemi izinin Inna, ta jawo kujera kusa da ita.

"Mama, kina samun barci?"

"Ina dai kwanciya."

"Akwai lokacin da kike jin gara ma ba kya duniyar?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba baiwar Allah, musulma ce fa!"

Inna ta ɗaga mini hannu. "Ƙyale ta," in ji ta. Ta dubi baƙuwar ta ce, "Kullum, 'yar nan." Sai kuka ya ƙwace mata. Ashe ita ta aiki ƙanena sayo gyaɗa ranar da ya rasu, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Aka ɗora ta a kan wata ƙaramar ƙwaya, aka ce ta riƙa zuwa suna tattaunawa da malamin asibitin. Sannu a hankali ta fara cin tuwo, har ta je sunan jikar maƙwabciyarta.

Kafin kaka ta zagayo, binciken ya ƙare. Baƙuwar ta koma, malamin aka canja masa wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya juya kwalin maganin ya ce, "Hajiya, ba a kawo mana irin wannan. Sai Katsina, wajen likitan ƙwaƙwalwa."

Inna ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, ba inda za ta. Na yi lallashi, yayana ya yi faɗa, ta ƙi. Na samo ƙwayar a kemis a Daura, ta sha kwana biyu ta tura ƙarƙashin katifa. Ta koma ɗaki, ta rage magana, ta rage ci, ƙarshe ko kunu sai an yi da gaske. Da tari ya kama ta, bai samu jikin da zai yi kokawa da shi ba.

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna, baƙuwar ta kira ni a waya tana tambayar jikin Mama. Ta ce sun miƙa wa hukuma sakamakon binciken, suna jiran amsa. Na faɗa mata. Ta yi addu'a, sannan ta ce, "Ke fa, yaya kike?"

Na ce lafiya lau, na kashe wayar, don yara sun dawo daga makaranta ban ɗora tukunya ba.