Shekarun da Aka Maido wa Yaya Rabi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, mai waina a bakin layin dogo a Agege. Duk wanda ya saba hawa motar haya ta danfo a nan da safe ya san ƙamshin tandarta.

Bayan haihuwarta ta biyu ta samu taɓin hankali. Aka ɗora ta a kan magani, ta warware, ta koma sana'a. Ana cikin shekara ta huɗu da fara shan maganin sai bakinta ya fara motsi shi kaɗai kamar mai tauna goro, harshe na leƙowa ba da son ranta ba. Wasu suka ce iskoki, wasu suka ce sammu. Masu saye suka janye. Ta kife tanda, ko gidan suna ta daina zuwa. Mu kuwa muka yi ta neman rubutu da hayaƙi, ba wanda ya zargi ƙwayar da take sha.

Maƙwabciyarmu, wata nas Bayarbiya, ita ta matsa mana mu koma asibiti da kwalin maganin. Likita ya ce maganin ne ya jawo, amma ya hana ta yanke shi lokaci guda. Ya sauya mata wani a hankali, ya haɗa da wata ƙwaya da ake ba masu farfaɗiya. Ya ce ba kowa take karɓa ba, a dai gwada.

A hanyar gida ta ce mini, "Ƙanina, haukan bai isa ba, sai an ƙara mini farfaɗiya?"

Amma ta sha. Makonnin farko jiri da barci suka dame ta. Motsin bai tafi gaba ɗaya ba, ya dai lafa har tana shan koko ba ya zuba. Bayan wata uku ta sake hura wuta. Shekara shida ta ƙara tana suya, kafin hawan jini ya yi ajalinta.

Da tana nan yau, na san za ta yi faɗa da masu ɗaukar marasa lafiya a waya suna yaɗawa. Za ta kuma ji daɗi cewa a layinmu yanzu, in aka ga irin wannan motsin baki, kwalin magani ake fara tambaya.

Ina kewarta, amma hamdala ta fi yawa a zuciyata. A hoton bikin 'yarta bakinta ya ɗan karkace, tana tsakiyar mata tana dariya. Shi na rataye a falo. Allah Ya jiƙan Yaya Rabi.