Saniyar da Muka Kai Kolej

Masu rubuta tarihi za su ce ban gama kolej ba. Gaskiyarsu ne, amma su daure su rubuta cewa na shiga. Na zauna a kan benci har na haddace kogunan Faransa, waɗanda har yau ban sha ruwan ko ɗaya ba. Sannan mahaifina ya zo ya mayar da ni mahauta, ya ce shi mai riƙe masa ƙafar sa yake nema, ba mai lissafa masa koguna ba.

Abin da na fito da shi daga kolej ɗin mace ce. Ita ce ke zama gabana, tana rufe takardarta da gwiwar hannu don kada in kwafa. Ta gama, ta zama ungozoma, ta aure ni, kuma danginta sun mutu ba su gane dalili ba. Ina kiranta Madam don tsokana. Ita maigida take ce mini, in ta ji haushi kuwa ta ce Mushe, wato malamin boko, don in tuna abin da ban zama ba.

Rabin yaran unguwarmu Jambutu a hannunta suka faɗo duniya. Ita Allah bai ba ta ba. Ba ma yin maganar a gida.

Lokacin ɗan garin nan ne ke riƙe da ƙasar, hotonsa a kowane ofis, titunan Garwa suna ta shan kwalta. Amma yaran da ke kwana a kolej, 'yan garin Poli da na kan duwatsu, tsinkakken kunu suke sha da safe, irin wanda muka sha a zamaninmu. Wata rana bayan la'asar ta dawo daga aiki, ta zauna ko takalmi ba ta cire ba.

"Maigida, mu kai wa kolej saniya."

"Wace rana za a yanka?"

"Kai duk abin da ka gani da ƙafa huɗu sai ka tuna wuƙa. Ba ta yanka ba ce. Habbanaye za mu yi musu."

Uwarta Bafulatana ce, a wurinta ta gaji wannan. Habbanaye shi ne ka ɗaura wa wanda ba shi da komai karsana, ya yi kiwonta, ya sha nono, abin da ta haifa ya zama nasa, bayan shekaru ya mayar maka da uwar. Ba a kafa shaida, ba a faɗin sharaɗi. Kowa ya sani.

"Ina so wata rana in wuce," in ji ta, "in ga garke a bayan ɗakin kwanan 'yan mata, in san daga gidana ya fito."



Na je kara, kasuwar shanu, na zaɓo karsana ja mai farin goshi, da cikinta na fari. A hanyar kai ta na ce, "Madam, shugaban makarantar nan mutumin kudu ne fa. Mu yi masa bayani."

"A yi wa mutum alheri ana karanta masa doka? Mu ba 'yan kasuwa ba ne."

"Ni ɗan kasuwa ne."

"Yau dai ka huta, Mushe."

Shugaban mutumin kirki ne, siriri, mai wuyan riga fari fat. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya zuba godiya da Faransanci mai tsawo, na gane kashi ɗaya na gyaɗa kai ga sauran. Madam ta ce masa kawai, "A kula da ita." Ya ce za a kula.

An kuwa yi ƙoƙari. Amma kolej ba ruga ba ce. Rani ya shigo, ciyawar filin ƙwallo ta ƙare, saniya ta cinye furannin ƙofar ofis, ta koma kan wandunan da yara suka shanya. Duk Juma'a Madam takan ratsa da dusa da kanwa a ƙunshe, ta shafa cikin saniyar kamar yadda take wa mata a asibiti, ta dawo ta ba ni rahoto. Ni da ake kawo wa shanu don in raba su da duniya, sai ga ni ina tambayar lafiyar wata.

Ƙarshen shekara aka gayyace mu bikin raba kyaututtuka. Aka zaunar da mu sahun gaba, kusa da manyan gwamnati. Na sa babbar rigata, ina jin kamar a ƙarshe an gane matsayina a fagen ilimi. Tun ana jawabi hancina ya gaya mini abin da kunnena bai ji ba tukuna. Ƙamshin da ke tasowa daga bayan ɗakin girki ba na akuya ba ne.

Shugaban ya miƙe ya nuna mu. Ya ce ga tsofaffin ɗalibai biyu da ba su manta gida ba, albarkacinsu yau kowane yaro zai ci nama. Yara suka tashi da ihu, suna tafi, suna buga benci. Wata yarinya 'yar Poli ta zo ta durƙusa gaban Madam da faranti, ta ce, "Mama, mun gode. Tun da muka zo ba mu ci nama ba." Madam ta karɓa. Ta ci yanka ɗaya, don yarinyar tana kallonta.

Ni kuwa hali ya ja ni bayan ɗakin girki. Mahauci ba ya jin an yi yanka ya zauna. Na ga fatar a shanye, na ga abin da aka ajiye gefe a cikin kwano aka rufe da buhu. Na ɗaga buhun, na mayar.

Da muka yi nisa a hanyar gida, Madam ta juyo ta dube ni.

"Ka je ka duba, na gan ka. Ɗan cikin, namiji ne ko mace?"

"Mace."

"To."

Na ce, "Madam, shanu ba su ƙare a kara ba. Gobe in zaɓo wata. Wannan karon ni zan yi bayani, da Faransancina na gado, har sai ya roƙe ni in yi shiru."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ba laifinsa ba ne, maigida. Ka ji ihun yaran nan? Ko ka kai wata, za su sake jin yunwa kafin ta haihu."

 Ban sake kai saniya ba, ita ma ba ta sake cewa a kai ba. Hanyar asibitinta ta ƙofar kolej ta bi, amma daga ranar ta koma zagayawa ta bayan kasuwa, cikin rana da warin kifi, har ta bar aiki. Na taɓa ce mata hanyar ta yi nisa ga tsohuwa. Ta ce ƙafarta ce.