Gardamar Mai Gyaran Talabijin da Matarsa

Shekara ashirin da ɗoriya mai gyaran talabijin ya yi a shagon da ke jikin gidansa, kuma in ka cire matarsa, ba abin da yake ji da shi kamar wasu faifan fim guda biyu. Da su yake gwada duk akwatin da ya gyara, don ɗaya duhu ya yi masa yawa, ɗayan kuma launi. Akwatin da ya nuna su tas, to ya warke.

Na farkon, jirgi ne a sararin samaniya, kullum matuƙan suka farka sai su tarar ɗaki ɗaya ya ɓace, su yi ta zargin juna. Na biyun, wata likita ce ta ƙera na'urar jiyo maganganun gobe, ta saurara ta saurara, ba ta ji muryarta a ciki ba. Shi na jirgin yake so, wai yana wasa ƙwaƙwalwa. Matar kuwa, in ta kawo masa abincin rana ta zauna kan bencin masu jira, cewa take wannan ciwon kai ne kawai, na likitar ne mai taɓa zuciya. Haka suka tsufa, ba mai sakar wa wani, don shi ma wajen taurin kai ba a bar shi a baya ba.

Sai mantuwa ta fara kama ta. Yau mabuɗi, gobe sunan jika. Bai cika tsorata ba muddin tana musa masa, don a ganinsa mai gardama da kai ta san ka.

Wata rana ya sa na jirgin, ya ce kamar kullum ai wannan ya fi. Ta dube shi da ladabi irin na baƙuwa, ta ce gaskiyarsa ce. Ya ajiye sukundireba, ya canja faifai, ya shiga yabon na likitar da hujjojinta ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya daɗe yana watsi da su, ko za ta ji ta gane nata ne.

Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ta washe.

"Bawan Allah, kai ka san fim," ta ce. "Don Allah ka jira maigidana ya dawo ka faɗa masa. Ni ba ya jin maganata."

Ya goge ido da bakin riga.

"Zan jira shi," ya ce, ya zauna kusa da ita.