Malam Hashim Tsakanin Wata da Allura

A unguwar Roumdé Adjia ta garin Garwa babu wanda bai san Malam Hashim mai aikin riga ba, amma kada ku ɗauka rigar ce ta yi masa suna. Ɗinkinsa dai ga shi nan ne. Sai wuyan riga ɗaya ya kwana sittin a cinyarsa, mai ita na zarya har takalmi ya cinye. Ido ne ya yi masa suna. Tun yana saurayi yakan gane mutum daga ƙarshen layi, ya faɗi har kalar hularsa, amma ka miƙa masa wasiƙa sai ya yi ta tura ta gaba har hannu ya ƙare. Don haka allura sai da tabarau, wani mai kauri kamar gindin kwalba. Sama kuwa da idon da Allah ya ba shi yake dubanta. Shekara talatin da ɗoriya, duk ashirin da tara ga Sha'aban, shi ke hawa tudun bayan unguwa da faɗuwar rana, ya sauko ya ce wa liman wata ya tsaya ko bai tsaya ba.

Sai cutar yanar ido ta rufe masa idon, dama da hagu. Bara ya hau tudun ya yi ta zare ido, ba ya ganin komai sai fari-fari kamar ruwan koko. Sharif mahauci, wanda ya biyo shi don kallo kawai, ya ɗaga yatsa ya ce, "Malam, ba shi ne wancan ba?" Shi ne kuwa. Malam ya kwana uku bai ci nama ba.

Matarsa Lauratu ce ta ɗora shi a babur zuwa asibitin ido. Likitan, wani dogo mai suna Serge, ya haska, ya auna, ya yi Faransanci mai yawa. Nadine, nas ɗin da ke fassara, ta juye shi cikin Hausarta mai gaurayen Fillanci. Za a cire ƙwayar da ta yi yana, a sa ta roba mai haske a madadinta, kuma ta zauna ke nan har abada. Sai dai ƙwayar iri-iri ce.

"Baba, wacce kake so? Ta nesa ko ta kusa? In ta nesa ce, ɗinki da karatu sai da tabarau. In ta kusa ce, ka rabu da tabarau wajen aiki, amma nesa sai da shi."

Malam ya gyara zama ya ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

"Amin, Baba. Wacce zan rubuta?"

"Duk wadda likita ya ga ta dace."

Likita ya ce idon ba nasa ba ne. Ku ji fa, an tambayi mutumin da ko hular Juma'a sai Lauratu ta ajiye masa a bakin gado. Sana'ar ma gadonta ya yi, ba wanda ya taɓa ce masa wacce kake so. Aka ba su mako guda su yi shawara.

A gida Lauratu ba ta ɓoye nata ra'ayin ba. "Malam, ta kusa za ka ɗauka. Wata sau nawa yake ciyar da mu? Tabaran nan kullum sai mun juye gida nemansa, rannan a cikin kwandon kuɓewa na tsince shi."

"Ke ba ki san kome ba. Da tabarau zan hau tudu? Su ce gilashi ne ya gani, ba ni ba?"

"To ka ɗauki ta nesan mana."

"In bar allura ke nan har in mutu ina lalube?"

"To ka ɗauki ta kusa."

"Lauratu, fita idona."

"Ina wurin shiga, duk yanar ta cike shi."

Komawa ta biyu ya je da dabara. Ya ji a masallaci wai akwai ƙwayar da ke haɗa duka biyun. Likita ya ce akwai, sai an aiko da ita daga kudu, amma takan sa wasu su riƙa ganin zobe kewaye da fitila, abu siriri mai ɗan haske kuma yakan dushe musu. Malam ya ce jinjirin wata ai shi ne abu siririn, a bar wannan. Likita ya ce to akwai wata hanya, ido ɗaya na nesa, ɗaya na kusa, sai dai ba kowa kansa ke ɗauka ba. Malam ya ce shi ba hawainiya ba ne. Ya tashi ya fita ya bar Lauratu na ba Nadine haƙuri.

Komawa ta uku Nadine ba ta ko zauna ba. Ta ce jerin masu jira ya yi tsawo, in bai faɗa yau ba sai bayan salla, azumin bana ya wuce shi ke nan. Nan ne Malam ya ga dabara ta ƙare. Ya tuna yatsan Sharif. Ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa, ya zaɓa da kansa.

"Nesa."

Lauratu ta yi tsaki har likita ya ɗago kai.

Aka yi na dama, bayan 'yan makonni aka yi na hagu. Aiki ya yi kyau, ba laifi. Ran ashirin da tara ga Sha'aban ya sa farar riga, ya hau tudu shi kaɗai. Rana ta faɗi, ja ya fara dushewa, sai ga shi can, siriri kamar yankan farce, tar a idonsa kamar yana ɗan shekara ashirin. Tsoho ya sauko da sassarfa, yana riƙe da hula kada ta faɗi, ya tarar da jama'a a ƙofar masallaci sun idar da magariba.

"Liman! Ya tsaya! Da idona na gan shi!"

Liman ya ce, "Madalla, Malam Hashim. Ai tun la'asar saƙo ya zagaya, an gan shi a ƙasashen gabas. Mata har sun jiƙa gero."

"Wane saƙo? Wa ya gani? A ina?"

Sharif ya zaro waya daga aljihu ya miƙa masa. "Ga shi nan a rubuce, Malam, duba da kanka, tunda an yi sabon ido."

Malam ya karɓa. Ya kawo ta kusa, rubutun ya cakuɗe. Ya tura ta gaba, ya ƙara turawa, hannu ya ƙare. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, babu tabarau. Jama'a na tsaye suna jira.

Ya mayar wa Sharif wayarsa, ya ce, "Karanta mini."