Ranar da Iya Ta Zaɓa Mini Littafin Larabci

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa shiri da talabijin ba. A shekarun da kuɗin fetur suka malalo Kano, Baba, wanda yake sayar da atamfa a Kwari, ya jawo mana wutar lantarki a gidanmu na Fagge, ya sayo talabijin da firji. Iya ta leƙa sau ɗaya, ta ce mutanen ciki ba sa amsa sallama, ta koma bakin murhunta. A nan take soya gyaɗar sayarwa kullum bayan magariba, mu jikoki mu kewaye ta, rabi don tatsuniya, rabi don ƙonanniyar gyaɗar da take tsame mana. Tun tana yarinya aka zo da ita daga Ilori. Hausa ta zauna a bakinta daram, sai in ranta ya ɓaci Yarabanci ya ɓalle. Ni take kira maigidanta, kuma ba ta raga mini ko kaɗan.

Burinta ɗaya ne a duniya. Akwai wata addu'a da mahaifiyarta ta koya mata da ka, ta ce kada ta kuskura ta ɗora kasko ba ta karanta ba. Ta riƙe ta har tsufa ba ta san ma'anarta ba, ta dai ɗauka ta ciniki ce. Malamai ga su nan birjik a unguwa, amma ta ce ba za ta kai furfurarta zauren wani ta ce ba ta san abin da take faɗa wa Ubangijinta ba. Jininta take so ya fassara mata. Baba kuwa Larabcinsa bai wuce na salla ba. Da aka sa ni Islamiyya sai kayan ya dawo kaina.

"Maigida, ka yi sauri," in ji ta. "Ni ba zama na zo yi ba."

Da Baba ya dawo aikin hajji sai ya zo mini da tsarabar littattafan nahawu manya-manya, bangonsu sai walƙiya yake da ruwan zinare. Allah ya ji ƙansa, mafi tsada ya nema. Na buɗe, rubutu ƙanana kamar tururuwa, ko wasali babu. Na yi ta fama har na tsani ganinsu. Wata rana a bakin murhu na ce ni na bar Larabci, boko ya ishe ni. Iya ba ta ko dube ni ba, ta ci gaba da juya gyaɗa cikin yashi.

"Ga wata tatsuniya nan ta iso," ta ce. "Wa zai tarbe ta?"

Muka ce mu ne.

Wai a wani gari mai nisa da rijiya, wata mata ta kai 'ya'yanta biyu wurin mai tukwane kowace ta zaɓi tulu. Babbar ta ɗauki ƙato mai zane, wanda kowa zai kalla. A bakin rijiya sai da mata suka taru suka ɗora mata, ba ta yi nisa ba ƙafa ta harɗe, tulu ya tarwatse, ta rantse ita da ɗiban ruwa har abada. Ƙaramar ta ɗauki ɗan mitsitsi, tana zuwa tana dawowa tana waƙa. Ta girma da shi, aka kai ta ɗakin miji da shi, randarta ba ta taɓa cika ba.

Ƙanwata ta tambaya wace ce ta yi daidai.

"Babu. Uwarsu ce mai laifi, da ta tsaya hira da mai tukwane ba ta kalli wuyan 'ya'yanta ba. Ai sai an ɗora wa yarinya a ka tukuna, a ga wuya ya ɗan yi rawa amma ƙafa tana tafiya, sannan a biya. Nan ta tsaya, ku tashi, wuta ma ta gaji."

Washegari ta yafa gyale ta tasa ni gaba har kasuwar Sabon Gari, rumfar wani dattijo Babarbare mai sayar da littattafai. Ta ce ya fito da duk na masu koyo. Ita da ba ta san alif ba, ta zauna a benci ta ce in karanta shafi ɗaya daga kowanne, ta kafa wa goshina ido. Na farko na zuba shi babu gargada.

"Wannan ruwa yake sha. Ajiye, Malam."

Na biyu ko layi ban gama ba gumi ya keto mini.

"Karɓe kafin ya suma mini a kasuwa."

Sai aka miƙo wani siriri mai wasali, da gajerun labarai da tambayoyi a ƙarshen kowane darasi. Na yi tuntuɓe nan da can, can kuma sai dariya ta kuɓuce mini. Ta ce dariyar me? Na ce wani jaki ne ya shiga gonar alƙali. Ta ce, "To, ka ji abin da ya ce ke nan. Naɗe mana shi." Kunya ta kama ni, don har hotuna gare shi kamar na yara. Dattijon ya haɗa mini da ƙaramin ƙamus, ya ce ranar da littafin ya daina yi mini nauyi in dawo.

Na yi ta komawa kuwa. Ina sakandare, lokacin idonta ya fara rauni, wata rana bayan magariba na ce ta karanto mini addu'ar a hankali. Ta karanta, ina bin ta kalma-kalma.

"Iya, babu ciniki a ciki," na ce. "Roƙo ne Allah ya gafarta wa iyaye, ya ji ƙansu, ya haskaka kabarinsu."

Ta bar juyawa har gyaɗa ta fara ƙauri. Sai ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ashe wayo tsohuwar nan ta yi mini. Ina nan ina jiran masu saye, ashe ita nake yi wa aiki." Ta share ido da bakin zane. "Gara haka, wallahi. Matso nan, maigida, maimaita in ji ko ka riƙe."

Yau Larabcin nake koyarwa. Littattafan Baba ma na karance su daga baya, kuma masu kyau ne ƙwarai, lokacinsu ne bai yi ba. In iyaye suka tambaye ni wane littafi ya fi, nakan ce su kawo mini yaron tukuna. Na daɗe ina ɗauka wannan ne kaɗai abin da na gada a wurinta. Sai bayan mun kai ta makwancinta na gane dalilin da ya sa ta ce in maimaita. Kullum da safe kafin in shiga aji nakan karanta addu'ar. Ni na san ma'anarta sarai, na kuma san wadda nake yi wa aiki.