Kwanona a Gindin Rumbu

A ƙauyenmu, can gefen Kwaya, namiji ba ya cin tuwo shi kaɗai. Da an idar da sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan Baba, a shimfiɗa tabarma, a haɗa kwanukan a tsakiya, a sa hannu tare. Ciyayya ke nan. Ko wanda kuka yi cacar baki da shi a gona da safe, da yamma sai hannunka ya haɗu da nasa a cikin miya.

Ina koyon gyaran moto, wato babur, a Magariya na shiga bin Almasihu. Da na je gida na faɗa wa Baba, bai zage ni ba, bai kore ni ba. Da ma zagin ya yi! Jan carbinsa kawai ya ci gaba da yi. Da almuru sai na ga ƙanwata ta ɗauko wani kwano ta ajiye a gindin rumbu, nesa kaɗan da tabarma, kanta a sunkuye. Na gane nawa ne. Na je na zauna.

Tun daga ranar roƙona ɗaya ne. Ban ma kai ga roƙon Baba ya bi ni majami'a ba, ina! So nake kawai ya ɗago kai ya ce, "Matso mu ci."

Majami'armu ɗaki ɗaya ce, mu ma ba mu cika bencin ba. Ran Laraba da la'asar fasto kan ce kowa ya kawo roƙonsa. Akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, muna ce mata Inna, ita ta ɗauki roƙona kamar nata, ko na yi shiru sai ta ambata. Shekaru suka yi ta wucewa. Mai neman haihuwa ta haihu, mai neman aikin lakol, wato makarantar boko, ya samu, har wanda akuyarsa ta ɓata an gano masa akuyar. Ina tafa musu hannu, ina cewa amin, nawa roƙon kuwa yana nan inda yake.

Ba wai ana wulaƙanta ni a gida ba ne. Sau da yawa naman da ke kwanona ya fi na tabarma, na kuma san umarnin Baba ne. Amma wa ya ce masa nama nake nema?

Wata kaka da na je gida, wani makiyayi ya biyo ta ƙofar gidanmu da shanunsa, mutumin da ba wanda ya san ko daga ina yake. Baba ya ɗaga murya ya ce, "Baƙo, bismilla!" Ya wanke hannu ya zauna kusa da yayana, suna ci suna hirar ciyawa. Ni da aka haifa a bayan wannan danga ina gefe ina kallo. Washegari a hanyar komawa na tsayar da moto cikin rairayi, ba kowa sai karan gero, na ɗaga kai na ce, "Ubangiji, me na roƙe ka? Jirgin sama? Loma ɗaya fa!" Ban ji komai ba.

Na daina zuwa addu'ar Laraba. Inna ta same ni a gareji, hannuna duk baƙin mai, ta ce, "Kai ɗan nan, fushi kake da Allah? To, zo ka yi fushin a gabansa, ba a bayansa ba." Na koma, amma don kunyarta na koma, wannan ba zan ɓoye ba.

Zuwana na ƙarshe Baba ya tsufa ƙwarai. An fito da tuwo, na nufi wurina, sai na ji ya ce, "Kai, matso nan." Na zo na durƙusa a bakin tabarma, na ce, "Ga ni, Baba." Ya miƙo mini rediyonsa ya ce, "Duba mini, ta daina magana." Na gyara masa. Ya sa mini albarka, na koma gindin rumbu na ci tuwona.

Da damina ya rasu. Da ni aka haƙa kabarin, amma da aka yi sahu don yi masa salla na ja baya na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi.

Larabar da na dawo, fasto ya ce a kawo roƙo. Inna, da tsufa ya fara taɓa mata tunani, ta fara kamar kullum: "Mu tuna da ɗanmu da mahaifinsa, Allah ya sa..."

Na ce, "Inna, ai ya rasu."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "To yanzu me za mu roƙa maka?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta dafa benci ta sauka a kan gwiwoyinta da ƙyar. Ni ma na durƙusa kusa da ita.