Rigar Norwegian a gidan surukai

Gumi sai tsiyaya yake a fuskar abokina Ishaya, muna durƙushe gaban mahaifin budurwarsa a unguwar Herwagana, zuwan farko. Da zafin ranar nan ta Gombe ya zumbula rigar sanyi ta gwanjo, wai sunan babban kamfani ne a ƙirjin, dole tsoho ya gani.

Baba tsohon malamin makaranta ne. Ya karanta: "Norwegian. Wato ɗan ƙasar Norway, inda ƙanƙara ke zuba. Can ne garinku, ɗana?"

"A'a Baba, Bolari, nan cikin Gombe."

"To cire ta. Matacce ba na ba shi 'yata."

Da singileti Ishaya ya ƙarasa gaisuwar, Baba ya ce ya turo manyansa.

Ku fa, kun san abin da aka rubuta a rigarku kuwa?